Zagayen Ronda a ƙafa da jagora: abin da kuɗin ya saya da abin da bai saya ba

Duk wanda ya taɓa ganin hoton garin Ronda, a kudancin Sifaniya, kusan abu ɗaya ya gani, wato doguwar gadar dutse da ta haɗa gaɓoɓi biyu na wani kwazazzabo mai zurfi, ga fararen gidaje sun jeru a bakin ramin. Wannan hoton ne ke kwaso motocin masu yawon buɗe ido daga bakin teku kowace hantsi, kuma shi ne akasarin masu sana'ar jagora suke sayarwa: a kai mutum kan gadar, a bar shi ya ɗauki hoto, a zagaya da shi filin wasan bijimai, a sallame shi. Hidimar da zan yi bayani a kanta ta sha bamban da wannan ta fuska guda mai muhimmanci, domin tana sauka da mutum har gindin dutsen inda ruwan garin yake, sannan ta sake hawa da shi ta jikin tsohuwar ganuwa. Saboda wannan saukar kaɗai na gamsu cewa kuɗina bai tafi a banza ba, ko da yake akwai wuraren da hidimar ta gaza, kuma ɗaya daga cikinsu ya sosa mini rai ƙwarai.

Ronda tana cikin lardin Malaga a yankin Andalus, kimanin kilomita 100 daga birnin Malaga, a kan wani faffaɗan tudun dutse da ya ɗaga sama da mita 700 daga matakin teku, kuma mazaunanta sun haura 30,000 da kaɗan. Kogin Guadalevín ne ya tsaga tudun gida biyu, ya bar kwazazzabon da mutanen garin ke kira El Tajo, wanda zurfinsa ya kai mita 100 ko fiye. A kudancin ramin akwai tsohon gari, La Ciudad, wanda shi ne birnin Musulmi na da, mai ƙananan lunguna da ganuwa da ƙofofi. A arewa kuma akwai El Mercadillo, unguwar da ta bunƙasa bayan Kiristoci sun karɓi garin, inda tashar mota da tashar jirgin ƙasa da kantuna suke a yau. Mota tana iya ratsa tsohon garin ta babban titi guda, amma duk abin da ya cancanci gani yana gefe, a lungu ko a gangare ko a ƙarshen matakala, don haka ƙafa ce kaɗai abin hawan da ke da amfani a nan.

Kamfanin da na yi hulɗa da shi ƙarami ne, na 'yan garin. Na yi rajista ta shafinsu na intanet, suka aiko mini da saƙo ta WhatsApp mai ɗauke da wurin haɗuwa da lokaci, kuma ba a samu saɓani ko kaɗan tsakanin abin da aka rubuta da abin da ya faru ba. Suna yin zagayen da Sifaniyanci da Ingilishi da Faransanci a lokuta dabam-dabam, abin da zai yi wa 'yan'uwanmu na Nijar da Kamaru da Chadi daɗi. Kuɗin bai kai Yuro 30 ga mutum ɗaya ba, ayarin kuma bai wuce mutum goma sha biyu ba, zagayen kuwa an tsara shi ya ɗauki kimanin awa huɗu. Jagorarmu mace ce mai matsakaicin shekaru, haifaffiyar garin, tana rataye da katin shaidar da gwamnatin yankin Andalus ke bai wa jagororin da ta tantance. Ta raba wa kowa 'yar na'urar saƙalawa a kunne, ta yadda ko mutum ya yi baya don ya huta ko ya ɗauki hoto, muryarta na biye da shi. A garin da lungunansa ba su ɗaukar mutum uku a jere, wannan na'ura ba ƙawa ba ce, ita ce ta hana ayarin rabuwa gida biyu, na masu ji da na masu hange.

Mun fara ne daga lambun Alameda del Tajo, wanda ke ƙarewa a wata baranda mai kallon fili da gonaki da tsaunuka, daga nan muka shiga filin wasan bijimai. An buɗe wannan fili a shekarar 1785, yana cikin mafi daɗewa a Sifaniya, kuma ginin abin kallo ne: da'irar yashi mai faɗin mita 66, da wuraren zama hawa biyu duka a ƙarƙashin rufi, bisa ginshiƙan dutse 136. Mallakar wata tsohuwar ƙungiyar mahaya dawaki ce ta masu sarauta, wadda asalinta ke komawa ƙarni na 16, lokacin da sarki ke bukatar barade masu horo. Jagorar ta bayyana yadda dangin Romero suka sauko da wasan daga kan doki zuwa ƙasa, mutum ya tunkari bijimi da ƙyalle da takobi yana tsaye da ƙafarsa, da yadda Pedro Romero, wanda ya rayu daga 1754 zuwa 1839, ya zama gwarzon garin har ake bikin shekara da sunansa a watan Satumba. Bahaushen da ya san hawan ƙaho zai gane jarumtar da ake nunawa, sai dai a nan kashe dabbar a gaban jama'a shi ne ƙarshen wasan, kuma ni dai raina bai kwanta da hakan ba.

Matsalar ba ta shiga filin ba ce, ta tsawon zaman ce. Mun kwashe kusan awa guda a ciki, muna bin ɗakunan tufafin 'yan wasa da sirada da tsofaffin bindigogi, ana kawo mana labaran wani marubucin Amurka da wani mai shirya fina-finai da suka ƙaunaci garin. Na fahimci dalili, domin yawancin abokan tafiyar Turawa ne, kuma waɗannan sunaye su suka sani. Amma lokacin da aka ɓatar a nan, daga baya aka zaftare shi daga wani wuri da ya fi cancanta, kamar yadda zan nuna.

A kan gadar ce na fara ganin ƙwarewar matar. Maimakon ta bar mu a tsakiya inda jama'a ke cunkushe, sai ta kai mu gefe, inda ake ganin jikin ginin daga sama har ƙasa, ta ce mu lura cewa gadar kusan bango ce da aka cike ramin da shi, aka bar ƙofofi don ruwa da iska. Tsayinta mita 98 ne, an gina ta da dutsen da aka fasa daga cikin kwazazzabon kansa, shi ya sa launinta ya saje da na gaɓar har ido ya kasa raba aikin mutum da halittar Allah. An kammala ta a 1793 bayan aikin da ya haura shekara 30, ƙarƙashin magini José Martín de Aldehuela. Kaurin nata yana da dalili mai ciwo, domin kafin ita an yi wata gada mai baka guda a 1735, wadda ta rufta bayan shekara shida ta hallaka mutane kusan 50. A saman babbar bakar tsakiya akwai wani ɗaki da aka taɓa amfani da shi a matsayin kurkuku, yanzu kuma ƙaramin ɗakin baje tarihin gadar ne. Wani daga cikin ayarin ya tambaya ko gaskiya ne maginin ya faɗo daga gadar ya mutu, kamar yadda ake yaɗawa, sai ta ce a'a, almara ce, mutumin ya rasu ne a Malaga a 1802. Na ɗauki wannan amsa da muhimmanci, domin jagoran da ya ƙi sayar da ƙarya mai daɗi a inda babu mai kama shi, ana iya amincewa da sauran maganarsa.

Da muka tsallaka cikin tsohon gari, sai ta yi mana tambayar da ta zama igiyar da ta ɗaure sauran zagayen. Ta ce gari a kan dutse, wanda rami ya tsare shi ta arewa, gaɓa mai tsayi ta tsare shi ta yamma, ganuwa ta tsare sauran, ba ya tsoron mahara, to amma ina zai sha ruwa idan aka kewaye shi? Kogin yana ƙasa, ana jin ƙararsa, ba a iya kai hannu gare shi. Da wannan tambaya muka bi wani titi mai gangare zuwa gidan da ake kira Casa del Rey Moro. Tun a bakin ƙofa ta gaya mana cewa gidan kansa na ƙarni na 18 ne, babu wani sarkin Musulmi da ya taɓa kwana a cikinsa, lambun kuma wani Bafaranshe mai suna Forestier ne ya tsara shi a 1912. Abin da ke na zamanin Musulunci shi ne abin da ke ƙarƙashin lambun, wato matakalar da aka sassaƙa a cikin dutse tun daga sama har bakin kogi.

An haƙa wannan hanya ce a ƙarni na 14, lokacin da Ronda ke hannun daular Banu Marin ta birnin Fas a Maroko, kuma ana danganta ta da Abu Malik, ɗan Sarki Abul Hasan, wanda ya riƙe Ronda da birnin Aljaziras na bakin teku kafin a kashe shi a yaƙi a 1339. Maginan sun bi wata tsaga da ke jikin dutsen, suka faɗaɗa ta, suka yi mata rufi da bakuna na tubali, suka buɗe ƙananan tagogi don haske, suka yi ɗakuna a hanya, har da hasumiyar tsaro a ƙasa da ke gadin ƙofar ruwa. Matakan sun haura 200, zurfin kuma ya kai kimanin mita 60. Ciki akwai duhu da sanyi, ruwa na ɗiga daga rufi, matakan kuma ba su daidaita ba, wani gajere wani dogo, don haka dole mutum ya riƙe ƙarfen gefe ya sa ido a ƙasa. Idan aka iso ƙarshe sai a fito kan wani ɗan dandamali a bakin ruwa mai launin kore, gaɓoɓin biyu sun miƙe sama ta kowane gefe, gidajen garin sun koma ƙanana can a bakin sararin sama. Daga wannan wuri ne kaɗai mutum zai gane girman abin da ya tsaya a kansa ɗazu.

A nan ƙasa jagorar ta faɗi abin da ya fi nauyi a duk zagayen. Ta ce ba na'ura ce ke haurar da ruwan kogin zuwa gari ba, mutane ne, fursunonin yaƙi Kiristoci da aka bautar, suna jere a kan matakalar suna miƙa wa juna salkunan ruwa daga safe har dare. Ta faɗe shi ba tare da ƙari ko zargi ba, kuma da murya iri ɗaya ta ci gaba da bayanin yadda a watan Mayun 1485 rundunar Sarkin Kiristoci Fernando ta kewaye garin da manyan bindigogi a lokacin da yawancin mayaƙansa ba sa nan, ta kame ƙofar ruwan nan, garin ya miƙa wuya cikin 'yan kwanaki, shekara bakwai kafin faɗuwar Garnaɗa, daular Musulmi ta ƙarshe a Andalus, a 1492. Musulmin garin suka fita, aka raba gidajensu ga sababbin mazauna, waɗanda suka rage a ƙauyukan tsaunin kuma aka tilasta musu canza addini, daga bisani aka kori zuriyarsu daga ƙasar gaba ɗaya daga shekarar 1609. Mu da muka tashi muna jin sunan Andalus a bakin malamai cikin shauƙi da alhini, muna bukatar mu ji labarin salkunan nan kamar yadda Turawan ayarin ke bukatar su ji labarin korar, kuma na yaba mata da ba ta ɓoye wa kowane ɓangare nasa rabon ba.

Hawa daga ramin ya ɗauki numfashin kowa, kuma ta yi hikimar barin mu mu zauna a lambun har haki ya lafa. Daga nan muka ci gaba da gangarawa ta ƙarƙashin ƙofar Sarki Felipe na Biyar ta 1742, muka leƙa tsohuwar gada ta 1616, muka sauka zuwa ƙaramar gada ta uku da ke can ƙasa, a unguwar da majema suka taɓa zama. Gadoji uku ne a garin, kowace ta fi ta gabanta tsayi, kuma idan aka kalle su daga ƙasa zuwa sama ana ganin yadda garin ya riƙa samun ƙarfin hali da dabarar gini a tsawon ƙarnoni.

Gidan wankan Larabawa yana nan kusa, inda wani rafi ke haɗuwa da kogin, kuma shi ne wuri na biyu da ya biya kuɗin tafiyar. An gina shi tsakanin ƙarshen ƙarni na 13 da farkon na 14, kuma ana lissafa shi cikin waɗanda suka fi tsira da siffarsu a duk Sifaniya, domin ambaliya ta binne shi da laka tsawon zamani kafin a tono shi a ƙarni na 20. Jagorar ta fara da waje kafin ciki, ta nuna mana ginin da jaki ke zagayawa a kansa yana juya ƙafar katako mai ɗauke da tuluna, tulunan na ɗebo ruwa daga rijiya suna juye shi a wata magudana da ke bisa bakuna har cikin gidan. Sannan ta nuna murhun da ake hura wa itace, da yadda zafinsa ke bi ta ƙarƙashin daɓen da aka ɗora a kan gajerun ginshiƙan tubali, hayaƙin ya fita ta cikin bango. Ɗakunan uku ne a jere, mai sanyi da mai ɗumi da mai zafi, na tsakiyar ya fi girma, yana da bakuna masu siffar kofaton doki, rufinsa kuma an huda shi da ramuka masu siffar taurari da ke zubo haske a ƙasa. Ba wurin iyo ba ne, wurin tururi ne, mutum ya yi gumi, a cuɗa shi, ya ɗauraye da guga.

Abin da ya ƙara wa bayanin daraja shi ne yadda ta haɗa ginin da rayuwar masu shi. Ta ce an ajiye gidan wankan a bakin ƙofar gari ne domin ruwa a nan yake, kuma domin matafiyin da ya iso da ƙurar hanya ya tsarkaka kafin ya shiga birni ya tsaya salla. Ta san bambancin alwala da wankan tsarki, ta san maza da mata lokutansu dabam ne, kuma ba ta yi maganar da sigar abin al'ajabi na baƙin mutane ba, ta yi ta ne a matsayin tarihin kakannin garinta. Akwai ɗan gajeren bidiyo da ake nunawa a ciki, amma bayan bayaninta bai ƙara mini komai ba.

Daga nan hanya ta juya sama, ta jikin ganuwar gabas, inda bango biyu ke bin gangaren ɗaya bisa ɗaya da ƙofofinsu. A wannan hawan ne aibin farko na kamfanin ya bayyana. Shafinsu ya kwatanta zagayen da mai sauƙi zuwa matsakaici, alhali mutum zai sauka matakala fiye da 200 ya hau su, ya gangara har gindin tudun, sannan ya sake hawa a kan duwatsun da ƙafafu suka goge har suka yi santsi. A cikinmu akwai wata dattijuwa mai ciwon gwiwa da ta yarda da abin da aka rubuta, ta haƙura da shiga ramin ruwan ta zauna a lambu, a hawan ganuwa kuma sai da mijinta ya riƙa tallafa mata tana tsayawa bayan kowane ɗan taku. Jagorar ta yi haƙuri da ita, ta rage sauri, ba ta nuna gajiyawa ba, amma wannan nauyi ne da bai kamata ya faɗo kanta ko kan baiwar Allahn nan ba. Jimla guda ta gaskiya a shafin rajista da ta wadatar. Duk mai niyyar zuwa da iyaye ko mai juna biyu ko ƙananan yara ya san wannan tun kafin ya biya.

Jinkirin hawan, haɗe da awar da aka bari a filin bijimai, su suka jawo aibi na biyu, wanda ya fi damuna. Lokacin da muka iso tsakiyar tsohon gari, agogo ya riga ya ci, sai aka shiga gaggawa daidai inda ya kamata a natsu. Mun tsaya minti kaɗan a gaban hasumiyar San Sebastián, wadda hasumiyar masallaci ce ta ƙarni na 14, ƙasanta dutse samanta tubali, an mai da masallacin coci, cocin ya rushe, ita kuma ta rage a tsaye da ɗan ɗakin ƙararrawa da aka ɗora mata a ka. Dandalin da take ciki yana ɗauke da sunan Abul Baƙa'i ar-Rundi, mawaƙin ƙarni na 13 da ya yi shahararriyar marsiyyar biranen Andalus da suka faɗi, amma an ambace shi ne a jimla guda muna tafiya. A babban cocin Santa María la Mayor, wanda aka gina a kan masallacin Juma'ar garin, har yanzu akwai ragowar bakar mihirabi da adon farar ƙasa mai sassaƙen ganye da rubutu, a kusa da mashiga. Jagorar ta nuna mana ƙofa daga dandali, ta ce mu dawo da kanmu idan an tashi. Na dawo, na biya, na gani, kuma abu ne ƙarami da mutum zai iya wuce shi bai lura ba, wanda shi ne ainihin dalilin da ya sa ake bukatar jagora a gabansa.

Na yi mata magana a kan haka yayin da muke gangarawa ƙofar kudu, kuma amsarta ta nuna cewa ilmin yana nan, tsarin zagayen ne bai ba shi wuri ba. Ta san Abbas ibn Firnas, masanin ƙarni na 9 da aka haifa a yankin Ronda wanda ya yi yunƙurin tashi sama da fukafukai a Kurɗuba. Ta san Ibn Abbad ar-Rundi, wanda aka haifa a garin ya zama limami mai huɗuba a masallacin Ƙarawiyyin na Fas har rasuwarsa a 1390, malamin da almajiran tasawwufi suka sani ta sharhinsa ga Hikam ta Ibn Aɗa'illah. Ta kuma san cewa Ibn Baɗuɗa ya sauka a Ronda wajen 1350, lokacin da wani ɗan'uwansa ke alƙalanci a garin, ya yaba ƙarfin tsaronta da kyan mazauninta. Abin da na ƙara mata shi ne cewa bayan 'yan shekaru kaɗan wannan matafiyin ya ƙetare Sahara zuwa Mali, ya biyo ta Gao ya isa Takedda a ƙasar Nijar ta yau, har ya ambaci Gobir cikin wuraren da ake kai tagullar can. Ta rubuta sunayen a wayarta. Kamfanin da ke da ma'aikaciya irin wannan, kuma yake karɓar baƙi daga Maroko da ƙasashen Larabawa da Afirka, asara yake yi da bai ware zagaye na musamman kan Ronda ta zamanin Musulunci ba.

An rufe zagayen a ƙofar Almocábar ta ƙarni na 13, babbar mashigar garin ta kudu, mai hasumiyoyi biyu masu zagaye, wadda maƙabartar Musulmi ke gabanta a da. Kusa da ita akwai cocin Espíritu Santo da aka fara bayan cin garin, mai kama da sansanin soja, sama da shi kuma wurin da babbar fadar tsaro take kafin sojojin Faransa su tarwatsa ta da albarushi a 1812. Wuri ne mai kyau na rabuwa, domin unguwar San Francisco da ke wajen ƙofar ta fi natsuwa, abincinta ma ya fi na bakin gada araha.

Game da kuɗi, tikitin shiga filin bijimai da ramin ruwa da gidan wanka ba sa cikin farashin, kowanne a ƙofarsa ake biya, kuma idan aka haɗa su sun kusa kai kuɗin jagorar kanta. An rubuta haka a shafin, amma da ƙananan haruffa a can ƙasa, kuma da sun haɗa komai a farashi guda da an huta da tsayuwar layi. Duk da haka, idan aka gwada da zagayen nan da ake kira na kyauta, inda mutum talatin ke bin jagora guda mai ɗaga laima a biya abin da aka ga dama a ƙarshe, bambancin a fili yake, domin irin wannan ayari ba ya shiga ramin ruwa, ba ya kuma sauka gidan wanka.

Kamfanin ya ba da takardar gidajen abincin da yake ba da shawara, amma babu ko kalma a kan mai kiyaye halal, alhali abincin yankin ya dogara sosai da naman alade. Miyar tumatir mai sanyi da ake ganin ta ganye ce zalla sau da yawa ana barbaɗa mata yankakken naman alade a kai, wutsiyar sa da garin ya yi suna da ita da giya ake dafa ta, wasu kayan gashi na fulawa kuma da kitsen alade ake kwaɓa su. Da na tambaya, jagorar ta lissafa mini abin da zan iya ci ba fargaba: kifi, da wainar ƙwai da dankali, da gasasshen barkono, da zaitun, da cukuwar awaki ta tsaunukan yankin, da alawar gwaiduwar ƙwai da sukari da ake kira yemas del Tajo. Sai an tambaya ake samun wannan, don haka a tambaya. Haka batun salla, babu hutun da aka ware mata, tsofaffin masallatan kuma wuraren tarihi ne ko coci a yau, saboda haka zagayen safe ya fi dacewa, mutum ya gama kafin azahar ta yi nisa ya koma masauki, ko ya yi amfani da rangwamen matafiyi. A tuna kuma cewa gidajen abinci a Sifaniya ba sa fara abincin rana sosai sai wajen ƙarfe biyu.

Abu ɗaya da zagayen bai ƙunsa ba, kuma ya kamata mutum ya yi shi da kansa, shi ne gangarawa daga dandalin María Auxiliadora zuwa inda ake hango gadar daga ƙasa, da ruwan da ke zubowa a gindinta, da kufan injinan niƙa da zaftarewar dutse ta rushe a 1917. Da yamma ya fi, lokacin da rana ta koma yamma ta haske fuskar gadar, motocin masu yini ɗaya kuma sun kama hanyar bakin teku. Wannan na nufin kwana a garin, domin tafiyar bas daga Malaga ko Sebiliya tana cin kusan awa biyu, kuma wanda ke fargabar motar ƙarshe ba zai sauka wannan gangaren da natsuwa ba. A sa takalmi mai riƙe ƙasa, a ɗauki ruwan sha, a lokacin zafi kuma a nemi zagayen da ya fi kowane sammako. Wajen rajista, a rubuta wa kamfanin tun da wuri cewa ana so a taƙaita filin bijimai a shiga cocin Santa María a ga mihirabin, domin jagorar ta shaida mini cewa idan ayari ya nemi hakan tun farko, tana da ikon sauya tsarin.